Wa ya san sunan mutum ɗaya da Anini ya kashe?

Malam Nasiru: Salamu alaikum. Daren jiya na iske ɗana mai shekara 15 ya ƙura wa waya ido yana kallon labarin Lawrence Anini, ɗan fashin da ya hana birnin Benin barci a 1986. Da ya gama sai ya ce min, "Baba, ashe mutumin nan jarumi ne." Gabana ya faɗi. Ni dai na tsaya a kan cewa masu rubuta labaran manyan laifuka da masu haɗa bidiyonsu ɓarna suke yi. Suna mayar da mai kisa gwarzo, wanda aka kashe kuma ya zama lissafi. Ga gwaji: a cikinmu wa zai kawo sunan mutum ɗaya da Anini ya kashe?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Ban san ko ɗaya ba, na yarda. Amma ina Sabongida-Ora ina fataucin goro a shekarar, lokacin ana kiran jihar Bendel, kuma abin da na gani ya sa ba zan bi ka ba. Da jaridu ba su dage ba, da an rufe maganar. Su suka yi ta buga labarin har Babangida ya tambayi sufeton 'yan sanda Etim Inyang a gaban jama'a ina Anini yake. Bayan an kama shi ranar 3 ga Disamba, sai ga shi ashe wani babban ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba Anini da yaransa makamai da bayanai. An yanke masa hukuncin kisa shi ma. Da jama'a ba su zuba ido ba, kana ganin mai kaki zai fuskanci harbi?

Malam Nasiru: Alhaji, wannan aikin ɗan jarida ne lokacin da wuta ke ci. Ni ina maganar mai dawowa bayan shekara kusan 40 ya tono toka don a danna masa bidiyo. Yau wane Iyamu yake tonawa?

Maman Ilham: Ku ba ni dama. Shekara 6 ke nan 'yan fashi suka harbe ƙanena a hanya yana dawowa daga kasuwa. Kafin mu san yadda za mu gaya wa Inna, hoton gawarsa ya zagaye Facebook. A wayar 'yar maƙota ta gani. Har yau wasu na sake ɗora hoton da dogon bayani a kan waɗanda suka yi aikin, da irin bindigarsu, da yadda suka tare hanya. Ba wanda ya taɓa rubuta cewa tela ne, ko ya bar yara biyu da ɗinkin sallar mutane a kan keke. Malam Nasiru bai yi ƙarya ba.

Alhaji Garba: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, Hajiya. Ban yi nufin taɓa miki ciwo ba.

Maman Ilham: Amin, Baba Alhaji. Ba ka taɓa ba.

Zainabu: Allah ya gafarta masa, Anti. Amma Malam, ba na jin matsalar daga marubuta ta faro. A 1971 da aka harbe ɗan fashi Ishola Oyenusi a Bar Beach ta Legas, dubban mutane suka yi dafifi don kallo, babu intanet babu komai. Mutum yana son ya ga abin da yake tsoro daga nesa. Ni kaina ina karanta irin waɗannan labarai, kuma daga cikinsu na koyi daina shiga mota da baƙi da dare. Sannan dubi yadda aka ƙawata Anini: wai yana ɓacewa, wai harsashi ba ya kama shi, wai yana watsa wa talakawa kuɗi a kasuwa. Rubutu na gaskiya ne ke rusa wannan. Direban mota ne da ya shiga fashi, aka same shi a wani gida a Benin, harsashi ya ragargaza masa ƙafa har aka yanke ta, aka harbe shi ranar 29 ga Maris 1987. Da wannan ɗanka ya kalla, ba zai ce jarumi ba.

Malam Nasiru: To ai ba shi ake sayarwa ba, Zainabu. Layar ɓata ake sayarwa.

Malam Habu: Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ku duba Suratul Ma'ida, daga aya ta 27. Allah da kansa ya ba da labarin kisan farko a bayan ƙasa, don haka ba za a ce ba da labarin kisa haramun ne ba. Amma ku lura da yadda aka ba da shi. Ba a ambaci sunan mai kisan ba, ba a faɗi abin da ya yi amfani da shi ba. Maganar da ta fi tsawo ta wanda aka kashe ce, inda yake cewa ko ka miƙo hannu don ka kashe ni, ni ba zan miƙa nawa ba. Shi kuwa mai kisan, an bar shi tsaye da gawa bai san yadda zai yi da ita ba, sai da hankaka ya nuna masa tono.

Zainabu: Wannan ai goyon bayana ne, Malam. A rubuta, amma a gyara.

Malam Nasiru: Ni kuma nawa na ji. Wa a cikin masu bidiyon nan ke ba mamaci bakin magana?

Alhaji Garba: Akwai ɗan sanda ɗaya da nake gaisawa da shi a shingen hanyar Benin a shekarar, yana sayen goro na sisi yana cewa na matarsa ne. Wata rana na zo ba ya nan, aka ce yaran Anini sun harbe shi. Tun da Malam Nasiru ya yi tambayarsa nake lalube sunansa a kaina, wallahi ya ƙi zuwa.

Maman Ilham: Zainabu, tunda kina rubutu, ki zo gida ranar Asabar. Inna na son ta ba wani labarin ƙanena tun daga ranar da ya fara koyon keken ɗinki. Ki zo da littafi.

Zainabu: Zan zo bayan la'asar, Anti, in Allah ya yarda.