An ɗora ni kan masu yankan riɗi, amma ba su yarda da ni ba

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Bana mai gona ya ɗora ni kan mutum 16 masu yankan riɗi a kudancin Gadarif, nan ƙasar Sudan. Shekara 6 ina riƙe da lauje tare da su, amma tun da aka ce ni ne shugaba, in na nufo rumfa sai hira ta mutu. Kuɗin makon farko ya makara kwana 5. Na yi shiru ina ta bin mai gona a waya don kada hankalinsu ya tashi, ashe su sun ɗauka na ci ne. Kun san riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba kwanso ya tsage, ƙwaya ta zube ƙasa. Ga shi mutum 3 sun ce za su koma wata gona. Wallahi ban taɓa ko fam ɗaya na wani ba, abin ya hana ni barci.

Baba na Maiurno:
Wa alaikumus salam ɗana. Shirun nan ne ya cuce ka. Na daɗe ina riƙe mutane a riɗi da girbin dawa. Wanda ya baro iyali a gida zai iya haƙuri da jinkirin kuɗi in ya san dalili da ranar zuwansu, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa kowa na ciyar da baƙi a gidansa. Ranar da kuɗi ya makara, a daren nan ka tara su ka faɗa musu, tun kafin su ji a bakin direba.

Lissafi kuma kada ya zauna a aljihunka kai kaɗai. Su zaɓi mutum guda cikinsu, ba kai za ka nuna shi ba, ya riƙe nasa littafi. A ƙirga dami a gaban kowa kafin magariba. In kuɗi ya shigo ta Bankak, manhajar banki ta waya, miƙa wayar su ga saƙon da idonsu. Naka kason ka ɗauka bayan na ƙarshensu ya karɓa, ko da ya zo da giɓi.

Hajiya daga Kassala:
Ƙanena, ina kake cin tuwonka yanzu? Ina da mata 8 masu suyar gyaɗa. Makon da na fara shan shayi ni kaɗai a ɗaki, a makon nan gulma ta fara. In ka koma ci da direba a inuwar mota, koma kwanonsu.

Malam a Sharar Mansur, Makka:
Maganar Baba gaskiya ce, sai dai ka kula kada ka zubar da mutuncin mai gona a gabansu, gobe ma wurinsa za ka roƙa musu. Same shi ku biyu, ka tuna masa hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuma kada ka yi musu alkawarin ranar da ba a hannunka take ba.

Ɗan Gadarif:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, kin kama ni, da direba nake ci. Jiya na koma rumfa, na nuna musu wayar, sun zaɓi dattijon cikinsu ya riƙe littafi. Biyu sun fasa tafiya, ɗayan dai ya ɗaure kayansa tun asuba. Baba, in littafina da nasa suka saɓa, wanne za a bi?