Kalmomin Turanci da Ido Ke Gani Daban, Baki Ke Faɗa Daban

Malamin Turanci:
Assalamu alaikum. Ina so kowa ya kawo kalmomin Turanci da yake ganin ana tuntuɓe da su a fagen aikinsa, ko wajen furuci ko wajen rubutu. Abin da na lura a aji shi ne kuskuren iri biyu ne. Wanda ya koyi kalma a littafi yakan rubuta ta daidai ya furta ta a karkace, wanda kuwa ya tsince ta da kunne yakan furta daidai ya ɓata rubutun. Misalin na farko shi ne epitome, wato cikakken misalin wata siffa. Gaɓa huɗu ce, i-pi-to-mi, da nauyin murya a kan gaɓa ta biyu. Ɗalibai kan mayar da ita uku, don sun saba e na ƙarshen kalma ba ya fita, kamar a home. Daga Girkanci ta zo, kuma a irinta e ɗin yana fita: hyperbole, catastrophe da apostrophe duk haka suke.

Tsohon soja:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka ta kunne da ido gaskiya ce, kuma shaidarta na cikin Hausarmu. Muna cewa kanar, laftanar, saja. Waɗanda suka aro kalmomin nan a bakin Turawa suka ji su, ba a takarda ba, shi ya sa suka fi mai karantawa kusa da daidai. Colonel furucinta ɗaya da kernel, babu ko-lo-nel. Turanci ya fara aro ta daga Faransanci a matsayin coronel a ƙarni na 16, daga baya aka gyara rubutun ya bi siffar Italiyanci mai l, amma baki bai bi ba. Lieutenant a Ingila lef-tenant ce, a Amurka lu-tenant. Wadda ta fi damuna ita ce corps, wato runduna: kor ake cewa, p da s duk shiru. In ka furta su ka ce corpse, wato gawa.

Mai gyaran rubutu a jarida:
Ranka ya daɗe, ka tuna mini da kabad da geji. Cupboard ba a furta p ɗinta, gauge kuma geij ce, sai dai kullum ina samun ta a rubuce guage. A ya riga u.

Amma abin da ya fi cin jan birona shi ne ninka harafi. Akwai ƙa'ida, ba kame-kame ba ne. In aikatau ya ƙare da baƙi ɗaya wanda wasali ɗaya ya gabata, kuma nauyin murya yana kan gaɓar ƙarshe, ana ninka baƙin kafin a ƙara ed ko ing: refer ta koma referred, occur ta koma occurred, begin ta koma beginning. In nauyin na gaɓar farko ne, ba a ninkawa: offer ta koma offered. Shi ya sa reference ke da r ɗaya a tsakiya, don nauyin ya dawo farko, occurrence kuwa tana da biyu don bai motsa ba. Harafin l ne ke karya ƙa'idar: Ingila travelled, Amurka traveled. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Sauran kuwa sai hadda: accommodation c biyu m biyu, necessary c ɗaya s biyu, embarrass r biyu, harass r ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya:
A wajenmu kuskuren ba na cin maki ba ne kawai. Prostate wata ƙaba ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji, prostrate kuwa kwanciya rub da ciki. Harafi ɗaya ne tsakani, kuma marasa lafiya da ma'aikata duk suna ƙara r ɗin. Haka ileum, ƙarshen ƙaramin hanji, da ilium, ƙashin ƙugu: furucinsu ɗaya, sai a rubutu ake bambanta su. Pneumonia da psychiatry p ɗinsu shiru ne.

Lauya:
Hajiya, mu ma muna da namu. Indict, wato tuhumar mutum a hukumance, in-dait ce. Subpoena, sammacin kotu, sa-pi-na ce, babu b. Mortgage babu t. Malam, ka yi mana bayanin inda waɗannan haruffa marasa aiki suka fito, don mai koyo gani yake kamar mugunta ce kawai.

Malamin Turanci:
Barista, hanyoyi biyu ne manya. Wasu haruffan da can ana furta su, baki ya yar da su, rubutu ya riƙe. K na knee da knife da gh na night duk sun taɓa yin sauti. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa alhali furucin wasula na tsakiyar sauyawa, daga baya ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara masa ƙusa. Wasu kuma cusa su aka yi. Debt da doubt sun shigo daga Faransanci ba tare da b ba, masana suka ƙara shi don a ga asalinsu na Latin. Haka c na indict da p na receipt, alhali 'yan uwanta deceit da conceit babu shi a rubutunsu na yau. S na island ma bisa kuskure aka sa, an zaci danginsu ɗaya da isle. Wanda ya san wannan ba zai takura harshensa yana neman fitar da b a subtle ba.

Sakatariyar ofis:
Ina roƙon kada a dogara da jan layin kwamfuta. Kalmar da babu ita a ƙamus take kamawa, ba kalmar da aka sa a gurbin wata ba. Stationary, abin da ke tsaye ba motsi, da stationery, kayan rubutu, duk za su wuce. Haka principal da principle, haka lose mai sautin z da loose mai sautin s. A tsarin Ingila, c na suna ne, s na aikatau: advice da advise, practice da practise, licence da license. A gwada da advice, don ita kunne yana jin bambancin, sai a auna sauran a kanta.

Mai koyar da furuci:
Ban yarda a ɗora wa rubutun Turanci laifin duka ba. Akwai namu. Hausa ba ta raba p da f a matsayin sautuka biyu masu canza ma'ana, don haka depend da defend, pull da full, copy da coffee sukan cakuɗe a baki, daga nan su cakuɗe a takarda. Gyaran a leɓe yake. Wajen f haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta ci gaba da fita, har kana iya jan sautin. Wajen p leɓɓa biyu su rufe gam sannan su buɗe farat ɗaya, ba ya janyuwa. Riƙe 'yar takarda gaban baki ka ce pan, za ta yi tsalle. A yi kalmomi biyu-biyu, minti biyar kullum, gaban madubi.

Mai gyaran rubutu a jarida:
Na karɓi gyara, Malama. In ƙara da duba ƙamus: ƙaramar sandar da ke sama a rubutun furuci tana zuwa ne kafin gaɓar da ke ɗauke da nauyi, ba bayanta ba. Da ita ake gane record suna, nauyi a farko, da record aikatau, nauyi a ƙarshe. A gwada ta a kan awry, abin da ya karkace: a-rai ce, nauyi a gaɓa ta biyu. Quay, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, furucinta ɗaya da key.