Katangar jami'a ta tare mana hanyar ruwa, kowane ofishi yana tura mu gaba: ina mafita?

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa na wannan zaure. Ni tsohon malamin firamare ne da ya ajiye aiki, ina zaune a wata shiya da ke bakin gari a nan jihar Kebbi, kuma ni ne sakataren kwamitin da mutanen shiyar suka kafa a kan matsalar da zan bayyana. Da gangan na ƙi kama sunan jami'ar da na ɗan kwangilar, domin mafita muke nema, kuma 'ya'yanmu da dama a can suke karatu.

Tun muna yara akwai wani kwari da ruwan sama yake bi idan ya taso daga tudu. Yana ratsa bayan gidajenmu, ya shiga filin da daga baya aka ba jami'a, sannan ya gangara fadama. Bayan girbin bara aka fara gina ɗakunan kwanan ɗalibai a wannan ɓangare, aka ja katangar bulo ta ƙetare kwarin, aka cike bakinsa da ƙasa, aka bar masa bututun siminti guda ɗaya tak. Na durƙusa da kaina na auna bakin bututun, bai cika kamu biyu ba, alhali kwarin nan idan ya kawo a watan Agusta ko jaki ba ya iya ƙetare shi. Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa jihar nan a damunar 2020 zai gane dalilin da ya sa barci ya ƙaurace mana, balle gidajen da ke bakin kwarin yawancinsu ginin laka ne.

Bayan wannan, marmarar da ake cike harsashin ginin da ita a kusa da makarantar allo ake haƙo ta, ramin ya zarce tsayin mutum biyu kuma babu shinge. Tifofin da ke jigilarta sun karya kwalbatin da muka gina da kuɗin karo-karo, har ta kai mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi.

Mun je wurin mai kula da aikin, ya ce zanen da aka ba shi yake bi. Mun je sashen ayyuka na jami'ar, aka ce abin da ke bayan katanga na hukumar tsara birni ne. A hukumar aka ce jami'a tana da nata masu tsara gini, mu koma can. Kansilanmu ya zo ya ɗauki hotuna, ya yi mana jaje, ya ce abin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Wata huɗu ke nan muna wannan zagaye. Matasa sun fara zancen tare hanyar tifofi da fasa katangar cikin dare, mu dattawa muna ta ba su baki, amma hujjarmu ta kusa ƙarewa. Wa doka ta ɗora wa alhakin wannan, kuma ta wace ƙofa ya kamata mu shiga kafin ruwa ya sauka?

Wani injiniya daga Argungu:

Wa alaikumus salam, Baba Malam. Hanyoyi da magudanan ruwa su ne aikina, kuma awon da kuka yi ya isa a gane inda kuskuren yake. Kafin a sa kwalbati a kan kowace hanyar ruwa ana lissafa faɗin ƙasar da take zubo ruwa cikinta, da gangarenta, da ruwa mafi ƙarfi da ake tsammanin zai iya sauka cikin shekaru masu yawa, sannan a fitar da girman bakin. Kamu biyu wajen santimita 90 ke nan, wato bututun da ake sa wa a ƙetaren lambatun gefen titi. Kwari irin wanda kuka kwatanta kwalbati mai kusurwa huɗu yake buƙata, wataƙila mai baki biyu ko uku, kuma bututun da aka sa ruwan farko zai toshe shi da yashi da leda da karan dawa.

Idan ya toshe, ruwa zai taru a jikin katangar, sannan ɗayan biyu ya faru: ko ya koma da baya cikin gidajenku, ko ya kayar da katangar, domin ba a gina katangar bulo don ta riƙe ruwa kamar madatsa. Ina ba ku shawara ku sa wannan na biyun a gaba a duk maganar da za ku yi, saboda wanda bai ji tausayin bangonku na laka ba zai ji tsoron faɗuwar nasa da aka kashe wa miliyoyi.

Ku koma bakin aikin ku karanta allon da aka kafa. A kansa akan rubuta mai aikin, da wanda ya ba da kuɗin (a manyan makarantu sau da yawa TETFund ce, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu), da ɗan kwangila, da kamfanin injiniyoyin da ke sa ido. Wannan na ƙarshe shi ne wanda ba ku je wurinsa ba, kuma shi ke da ikon ba da umarnin sauya zane. Mai kula da leburori gaskiya ya gaya muku, ba zai iya ƙara ko bulo ɗaya da kansa ba. Ku sani kuma galibi ana riƙe wa ɗan kwangila kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa har sai an tabbatar babu gyara, kuma takardun kwangila da yawa suna wajabta masa cike ramin da ya ɗebi marmara da gyara hanyar da motocinsa suka ɓata. Muddin bai miƙa aikin ba, akwai igiya a wuyansa; ran da ya kwashe kayansa, kamun zai yi wuya. Ku samu injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya rubuta muku rahoto ko da shafi biyu ne, ku haɗa da hotuna masu kwanan wata.

Wata lauya daga Birnin Kebbi:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Na karanta bayaninku sau biyu, ban ga inda kuka ambaci takarda ko ɗaya ba, kuma a nan gizo yake saƙar. Ofishin da aka je wa da baki yana iya cewa bai taɓa ganinku ba. Ku rubuta koke zuwa ga magatakardar jami'ar, ku aika kwafi ga shugaban jami'ar, da hukumar tsara birni, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da shugaban ƙaramar hukuma, kuma kada ku bar kowane ofishi sai an buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafin da zai zauna a hannunku.

Amsar da hukumar tsara birni ta ba ku ba ta da tushe mai ƙarfi. Tun a 2003, a shari'ar jihar Legas da gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, saboda haka tambayar da za ku yi mata a rubuce ita ce: shin ta amince da zanen wannan katanga da magudanarta? Idan ta amince, ta nuna lissafin ruwan da ta dogara da shi. Idan ba a kawo mata ba, me ya hana ta tsayar da aikin? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman kwafin zanen ba tare da kun faɗi dalili ba, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, idan kuma ta ƙi kuna da kwana 30 ku kai maganar kotu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, amma ba wa jami'a fili bai ba ta izinin juyo wa maƙwabta ruwa ba. Akwai kuma dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992. Ba kowane gini ta shafa ba, sai dai ba laifi ku tambaya ko an yi nazarin.

Idan aka yi shiru, ku je Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofishi a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi; amma ba ta taɓa maganar da take gaban kotu, don haka ku fara da ita. Kada kuma ku yi sanyin jiki da lokaci, domin akwai dokar da ta taƙaita ƙarar jami'an gwamnati ga wata 3, ko da yake cutarwar da take ci gaba tana da nata hukunci. Matasa kuwa a gaya musu ƙarara: ran da suka fasa bulo ɗaya, ku da kuke masu ƙara kun koma waɗanda ake tuhuma da ɓarnar dukiya.

Wani matashi daga Jega:

Da girmamawa ga Barista, takarda a ƙasar nan tana iya shekara a cikin fayil, damuna kuwa ba ta jiran hatimi. Ban goyi bayan fasa katanga ba, amma ina ganin a ranar da aka kai takardar a gayyaci wakilin gidan rediyo ya zo ya ga bututun da idonsa, ya ji daga bakin matan da gidajensu ke bakin kwarin. Shugabanni sun fi saurin jin abin da aka faɗa a rediyo da safe.

Lauyar ta sake cewa:

Ƙanena, ban ƙi rediyo ba, sai dai a bari kwana 7 ɗin su cika, a kuma faɗi abin da ido ya gani kawai, kada wani ya ce an ci kuɗi ba shi da shaida.

Wata Hajiya daga Yauri:

Malam, duk kun tafi kan katanga kun bar ramin, ni kuwa shi ya tsaya mini a rai. Mu mutanen bakin kogi mun san yaro da ruwa: ruwan sama biyu ya isa ya mayar da ramin nan kududdufi, almajirai su fara wanka da wanki a ciki, kuma gefen ramin marmara a tsaye yake, wanda ya zame ba shi da abin kamawa. Wannan ba ya jiran amsar kowa. Ku fito gayya ranar Asabar ku kewaye shi da ƙaya da kara, ku yi magana da malamin makarantar allon, sannan ku rubuta a cikin takardar cewa kun yi hakan da kanku kuma alhakin abin da ya faru yana kan wanda ya haƙa. A sa mata biyu a cikin kwamitin, domin su ne suke gida sa'ad da ruwa yake shigowa.

Wani ma'aikacin jami'a daga Gusau:

Ni a wata jami'ar nake aiki, a ɓangaren mulki, kuma zan so ku ji yadda abin yake daga ciki. Katanga ba ƙeta ba ce. Halin tsaron da muke ciki a Zamfara da Kebbi ya sa babu shugaban da zai yarda ya kwantar da ɗalibai a fili ba shinge, kuma ina kyautata zaton an ƙanƙanta bututun ne don kada mutum ya iya shigowa ta ciki. Idan haka ne, ku je da maganinsa a hannu: babban kwalbati mai ƙarafunan tsaro a baki, wanda za a riƙa share shi, tun da ƙarfen ma yana tare shara. Magatakarda shi ne sakataren majalisar gudanarwa ta jami'a, saboda haka takardar da ta shiga ofishinsa da hatimi tana da wuyar ɓacewa.

Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Zuru:

Malam, na yi shekara 30 ina ganin irin wannan. Kansila bai yi ƙarya ba, amma bai cika gaskiya ba: kwalbatin cikin shiya da lambatu aikin ƙaramar hukuma ne, ko ba za ta iya tsayar da jami'a ba tana iya rubuta mata. Kada kuma ku tsallake sarauta. Ku bi ta hannun hakimi zuwa ga uban ƙasa, ku roƙe shi ya sa hannu a takardar ko ya haɗa da tasa, domin lokacin da aka yanka wa jami'a filin da wuya a ce ba a zauna da magabatansa ba, kuma mai yiwuwa akwai dattijon da ya san inda safiyo ya kafa duwatsun iyaka. Harshen takardar ya zama mai taushi. Maƙwabtaka ce da ba ta da ranar ƙarewa.

Mai tambaya ya dawo:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ranar Asabar mun kewaye ramin da ƙaya, Hajiya, kuma mata biyu sun shiga kwamitin. Uban ƙasa ya karɓe mu, ya sa magatakardansa ya rubuta takarda ta rakiya. Ranar Litinin muka kai kwafi biyar. Huɗu an buga mana hatimi nan take, a ofishi na biyar ma'aikacin ya ce mai hatimin ya fita, sai na jawo benci na zauna da carbina har bayan azahar, aka buga. Mun samu sunan kamfanin da ke sa ido a kan allon, injiniyansu ya zo jiya, ya sauka cikin kwarin, ya auna, ya daɗe yana kallon alamar da ruwan bara ya bari a jikin wata tsamiya, ya ce zai rubuta wa jami'ar amma ƙarin kuɗi ba a hannunsa yake ba. Ya roƙe mu mu dakata da zancen rediyo na mako biyu a kan alƙawarinsa na baki. Barista, mu ba shi wannan lokaci, ko mu nemi ya rubuta? Kwana 7 ɗin ranar Litinin za su cika, kuma daren jiya an yi walƙiya a gabas.