Neman shawara: zan kai surukina kallon ƙwallon kwando a sabon zauren Baylor

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina zaune a Dallas, kuma tun ina sakandare a Kano nake son ƙwallon kwando, har na taɓa karya yatsa a filin makarantarmu, dalilin da ya sa mahaifiyata ta hana ni wasan gaba ɗaya. Na fara goyon bayan Jami'ar Baylor a 2021, shekarar da suka doke Jami'ar Gonzaga suka ɗauki kofin jami'o'in Amurka a ƙarƙashin koci Scott Drew, amma ban taɓa zuwa kallonsu ba ko a tsohon zaurensu na Ferrell Center. Yanzu na sayi tikiti biyu na Foster Pavilion, sabon zauren da aka buɗe a Janairun 2024 a bakin kogin Brazos a garin Waco. Da abokina na yi niyyar tafiya, sai surukina da ya zo ganin jikarsa ya ce yana so ya ga abin da ke hana ni barci, ni kuma ban iya yi masa musu ba. Sai jiya na lura cewa tikitin na tsayuwa ne, ga shi Baba yana fama da ciwon gwiwa. Yaya zan yi?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗa mana ranar wasan ba, ba ka kuma ce da wa za a buga ba, alhali farashin kujera ya danganta da abokin karawa.

Alhaji na Houston: Ƙanena, kuskuren tun daga tushe yake. Zauren nan mutum kimanin 7,500 kawai yake ɗauka, Ferrell kuwa ya haura 10,000, wato da gangan aka ƙanƙanta sabon zauren domin 'yan kallo su matso kusa da fili, ihu ya cika wuri. Wasan maza na jami'a rabi biyu ne, kowanne minti 20, amma idan aka haɗa da hutun rabin lokaci da tsaye-tsayen talla sai ya ci kusan awa biyu. Dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya wannan tsayuwar ba. Ka sayar da tikitin ka kai shi Moody Center na Jami'ar Texas a Austin, wanda aka buɗe a 2022 kuma ya fi girma.

Mai tambaya: Na gode Alhaji, sai dai ni ba gini nake son gani ba, Baylor nake son gani. Kuma daga Dallas Austin ta ninka Waco nisa.

Maman Sadiq: Ni dai ina ganin ka bar Baba a gida. Bara maigidana ya ja ni wani wasa ba a wannan zauren ba, aka hana ni shiga da jakata saboda ba mai nuna abin da ke ciki ba ce, muka koma mota cikin sanyi, kafin mu dawo an kusa hutun rabin lokaci. Har yau bai yarda cewa laifinsa ba ne.

Alhaji na Houston: Dokar jaka ai sananniya ce a wasannin jami'o'i, Hajiya. Abin da ya kamata ya dame shi shi ne salla. Daga Dallas zuwa Waco kusan mil 95 ne a kan babbar hanyar I-35, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi, ta wuce mil 48 na ƙasaru, saboda haka ku haɗa sallolinku kafin ku shiga, kada ka sa dattijo neman lungun da zai shimfiɗa sallaya a cikin hayaniya.

Ɗan Zariya: Maganar haɗa salla a tafiyar kallon wasa a bar wa malamai, Alhaji. Shawarata ita ce ya kira ofishin sayar da tikiti na jami'ar ya tambayi wurin zaman masu lalurar tafiya, domin dokar Amurka ta wajabta tanadinsa a irin waɗannan gine-gine.

Mai tambaya: Baba ba zai taɓa yarda a zaunar da shi a wurin masu lalura ba, mutum ne da ko sanda ya ƙi riƙewa. Tikitin kuma ban saya da ganganci ba, shi kaɗai ne aljihuna ya iya ɗauka a ranar, kuma wanda ya sayar mini bai bayyana komai ba.

Alhaji na Houston: To ka sayi kujera ɗaya tak ka zaunar da shi, kai ka tsaya.

Mai tambaya: In bar surukina shi kaɗai a tsakiyar mutanen da ba ya jin yarensu? Matata ba za ta yafe mini ba.

Baban Amira: Har yanzu dai ba ka faɗi ranar wasan ba.