Gupina ta haihu, alhali babu namiji a tankin

Ummu Hafsat: Jama'a, yau na ga abin mamaki. Wata biyu ke nan da na ware macen gupi, ɗan ƙaramin kifin ado, ita kaɗai. Da asuba na kunna fitilar tanki, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsi suna yawo a gefen gilashi, ba ka ganin komai a jikinsu sai idanu. Na ƙirga 14. Ko ƙwai ɗaya ban gani ba. Akwai wanda haka ta taɓa faruwa da shi?

Malam Sanusi: Hajiya, ƙwai kam ba za ki gani ba. A cikinta suke ƙyanƙyashewa, bayan mako uku zuwa huɗu ta haife su suna iyo. Batun namiji kuwa, tun kafin ki raba su an gama magana: macen tana adana maniyyi a jikinta na tsawon watanni. Nawa namijin ya mutu, amma macen ta ci gaba da haihuwa kusan duk wata har sau uku. Ki riƙa duba baƙin tabon nan na kusa da jelarta, idan ya ƙara duhu kuma cikin ya yi kusurwa, to ta kusa.

Bilkisu: Anti, ki bar ƙirga ki nemi inda za su ɓuya! Ni na tsaya ɗaukar hoto, a gabana uwar ta haɗiye biyu. Ba ta san ɗa ba sam.

Baban Khalifa: Haka na yi ta asara har na karanta yadda suke rayuwa a asalinsu, ƙoramun Tirinidad da Benezuwela, can wajen Kudancin Amurka. A can 'ya'yan gefe suke gudu, inda ruwa bai da zurfi kuma ciyawa ta yi yawa. Sai na cika saman tankina da ciyawar ruwa mai yawo, daga nan yawancinsu suka riƙa tsira. Wani abin da ya burge ni, masanin halittu John Endler ya gano cewa a ƙoramun da manyan kifaye ke farautarsu, mazan ba su cika ado ba. Ashe launin nan da muke so, a daji fitina ne gare su.

Malam Sanusi: Kuma ki murje abincin ya zama gari, bakinsu ƙarami ne.

Ummu Hafsat: Bilkisu, gaskiyarki. Na koma yanzu, saura 9. Na kwashe uwar zuwa bokiti tukuna.