Karen da ya tashi tare da mage ba zai taɓa cutar da ita ba: gaskiya ne ko yaudarar kai?

Mai Haski: Salam jama'a. Jiya magana ta haɗa ni da yayana har muka kusa ɓatawa shi yasa na kawo ta nan. Ina da karya haski (husky, irin karnukan nan masu jan kaya a kan ƙanƙara) shekararta 2, tun tana wata 2 na kawo ta gida ta tarar da magenmu, tare suka tashi, shimfiɗa ɗaya suke kwana, magen har lasar mata kunne take yi. Yaya yace kar in kuskura in bar su su biyu in tafi aiki wai haski jinin farauta gare ta. Ni kuma nace duk karen da ya tashi da mage tun yana kwikwiyo ba zai taɓa cutar da ita ba, tarbiyya ce ba jini ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi kuma ni na tanƙwara nawa. Waye mai gaskiya a cikinmu?

Mai Saluki: Kai ne da gaskiya ɗan'uwa. Saluki gare ni, kuma duk wanda ya san saluki ya san don bin barewa da zomo aka yi shi, amma shekara 9 kenan yana zaune da maguna uku ko kallon banza bai taɓa yi musu ba, ƙaramar ma a kan bayansa take barci. Mutane suna son ɗora wa jini laifin sakacinsu ne kawai.

Maman Muzuru: Ƙanena dan Allah ka ji maganar yayanka. Ni ma haka nake faɗa a da, kalma da kalma irin taka. Karena ruwa biyu ne da teriya (irin karnukan nan masu farautar ɓera), shekara 4 suna tare da muzuruna, kwano ɗaya suke shan ruwa. Ranar ina kicin murfin tukunya ya suɓuce mun ya faɗi ƙasa, muzurun yana kwance bakin ƙofa ya firgita ya zura a guje, karen da ke kwance kamar mai barci kawai na ga ya miƙe ya bi shi, wlh ko haushi bai yi ba, babu gurnani babu komai, ya cafke shi ta baya ya girgiza sau biyu ya sake shi kafin ma in ajiye abin da ke hannuna. Sai ya tsaya yana kaɗa mun jela. Na duba muzurun huji biyu ne kawai ƙanana a fata, jinin ma ba yawa, sai na wanke nace da safe ma gani. Da safe numfashi sama sama yake yi. Likita yace haƙarƙari ya karye kuma ciki ya ji rauni sosai, kwana biyu ya mutu. Har yau in na tuna daren da na bari ban kai shi ba sai in ji ƙirjina yayi nauyi.

Mai Haski: Allah sarki, sannu Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Amma kiyi haƙuri da tambayata, anya dama can ba jin haushin muzurun yake ba? Ƙila kishi ne ya daɗe yana cinsa baki lura ba. Tawa fa son magen take yi da gaske.

Baba Mai Horo: Yaro nan ne kuskuren yake, kuma ba kai kaɗai ba, kusan duk wanda ya kawo mun kare da wannan matsalar da ita yake farawa. Farauta daban faɗa daban. Karen da ke jin haushi zai gaya maka, zai yi gurnani ya yage leɓe ya nuna haƙora gashin bayansa ya tashi, so yake abin ya tafi ya ba shi wuri. Mai farauta kuwa shiru yake yi don so yake ya kai ga abin, kuma daɗi yake ji, shi yasa Hajiya ta ga nata yana kaɗa jela. Ba ƙiyayya a ciki ko kaɗan, to tunda ba ƙiyayya ce ta kawo shi ba ƙauna ma ba za ta hana shi ba.
Wani masanin karnuka ɗan Amurka Raymond Coppinger ya jera yadda abin yake tafiya daki daki: kare ya juyo ga motsi, ya ƙura ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafke, ya yi cizon kisa, sannan ya yaga. Masu kiwon karnuka shekaru aru aru suna wasa da wannan jerin ne, su ƙarfafa wani mataki su danne wani. Boda koli mai tara tumaki an ƙara masa ƙura ido da sanɗa da bi amma an danne cizon kisan. Karnukan da ke ɗauko wa maharbi tsuntsu an bar musu cafka amma da taushin baki. Teriya kuwa ba a rage masa cizon kisan ba don aikinsa kenan kashe ɓera da ƙananan dabbobi, kuma da girgiza yake kisan, irin wadda Hajiya ta gani da idonta. Haski ma jan kaya aka koya masa ba a taɓa zama an cire masa farauta ba. Horo yana koya wa kare ya tsaya in an ce tsaya, amma jerin nan yana nan a jikinsa, kuma da zarar ya kai matakin gudu da wuya kiranka ya shiga kunnensa.

Mai Saluki: Baba da girmanka amma in haka ne me ya hana nawa? Shekara 9 fa ba kwana 9 ba.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Bari in ɗan shiga tsakani don gsky kowa na da rabonsa. Sabo tun ƙuruciya yana aiki sosai ba ƙarya bane. Kwikwiyo daga sati 3 zuwa kamar sati 12 lokacin ne yake koyon waye nasa waye ba nasa ba, 'yar mage kuma nata ya fi gajarta, sati 2 zuwa 7. Akwai binciken da aka yi a jami'ar Tel Aviv aka wallafa a 2008 kan gidajen da ke da kare da mage, suka gano zaman ya fi daɗi idan magen ce ta riga zuwa gidan, kuma aka haɗa su magen bata kai wata 6 ba karen bai kai shekara ba. Wani kuma a jami'ar Lincoln ta Ingila a 2018 ya nuna yawancin irin gidajen lafiya lau ake zaune, har ma mage ce ta fi yawan yi wa kare barazana. To Mai Haski yayi abin da ya dace tun farko, magen ta riga, karyar ta zo tana ƙarama.
Amma fa ku lura wa aka tambaya, gidajen da har yanzu dabbobin biyu suna raye suna tare. Gida irin na Hajiya baya cikin lissafin. Kuma ba wanda ya fito yace "ba zai taɓa ba", wannan kalmar ce matsalata da maganar.

Baba Mai Horo: Allah ya yi miki albarka 'yata. Malam mai saluki ni ban ƙaryata ka ba, akwai karnuka irin naka da yawa na gansu. Amma tambaya ɗaya, in ya hango baƙuwar mage a waje tana gudu ya yake yi?

Mai Saluki: To wannan kam sai na riƙe igiya da hannu biyu. Amma ai ba tamu bace, ya san bambanci.

Baba Mai Horo: Yawwa. Kaga kenan jinin yana nan bai je ko'ina ba, abin da ya koya shine waɗannan ukun, a cikin gidan nan, suna tafiyarsu a natse, ba abin bi bane. Canja abu ɗaya a ciki, magen ta fita waje cikin duhu, ko ta firgita ta zura, ko tayi ƙara irin ta ciwo, sai ka ga kamar bai taɓa saninta ba. Masu karɓar girehawun, wato karnukan gasar gudu, da suka gama tsere suna nema musu gidaje sun san wannan, sai sun sa wa kare takunkumi sun gwada shi da mage kafin su ce ya dace, kuma duk da haka suna gargaɗi cewa wanda ya ci gwajin a ɗaki zai iya bin mage a fili. Karen nan yana kai kusan kilomita 70 a awa, mage in ta ƙure gudunta bata kai 50, in ba wurin hawa kusa shikenan. Kuma in karnukan biyu ne abin ya fi muni, ɗaya ya tashi ɗayan ya bi ko da shi mai sanyin hali ne.

Mai Saluki: Ni dai har yanzu ina ganin ana tsorata mutane fiye da kima. Tsautsayi ko a ina yana faruwa, ba za a raba dabbobin da suka shaƙu ba saboda labari ɗaya.

Maman Muzuru: Malam ba wanda yace a raba su. Ƙofa ɗaya ce fa, in za ka fita ka ja ta in ka dawo ka buɗe. Me ka rasa? Kwana za su yi su biyun har ka dawo dama. Ni da wani ya gaya mun haka da yanzu muzuruna na nan.

Ɗalibar Likitan Dabbobi: Kuma tun ɗazu karen kawai ake ta magana ba a tambayi magen ba. Wata magen ba a taɓa cizonta ba amma kullum a tsorace take, ta koma zama saman kabad, sai dare take saukowa ta ci abinci, ta fara fitsari inda bata saba ba sai a ce iskanci ne. Damuwa na jawo wa mage ciwon mafitsara, muzuru ma fitsarin yakan toshe gaba ɗaya kuma wannan kisa yake in ba a yi gaggawa ba. Mage in ta ɗauki kwanaki bata ci ba hantarta ke taɓuwa. Shi ma karen ba tsira yayi ba, yakushi ɗaya a ido ya isa. Sannan dan Allah duk magen da kare ya cafka ya girgiza a kai ta asibiti a lokacin ko da ba a ga jini ba, ɓarnar a ciki take.

Mai Haski: Toh Baba ya zan gane tawa tana cikin wane? Kuma in na yi mata aikin hana haihuwa zai rage?

Baba Mai Horo: Aikin baya taɓa farauta, ba daga nan take fitowa ba. Duka ma kar ka fara, zai koya mata ta ɓoye a gabanka ne kawai. Yau da yamma sa mata igiya ka zauna, wani ya ja wa magen zare ta ɗan yi tsalle tsalle daga nesa. Kalli karyar kar ka kalli magen. In jikinta a sake yake, ta duba ta kau da kai, ka kira sunanta ta juyo nan take, alhamdulillah. In kuwa ta rufe baki ta sandare, kunnuwa gaba, ido kafe ko ƙiftawa babu, ƙila har jiki na ɓari tana ɗan kuka siriri, ka miƙa mata abin da ta fi so ta ƙi ko shinshinawa, to ka samu amsarka. Sannan gaya mun gaskiya ta taɓa kashe wani abu?

Mai Haski: Tsuntsu sau biyu, da ɓera. Kuma in magen tana guje gujen nan nata na dare takan bi ta amma wasa ne, in ta cim mata tsayawa take yi. Na gwada abin da kace yanzun nan ban jira yamma ba, sau uku na kira kafin ta juyo, naman kuma ta karɓa amma idonta na kan magen. Ni dai har ga Allah zuciyata bata yarda za ta iya cutar da ita ba. Amma zan dinga rufe magen a ɗakina in zan fita, da ruwanta da kwanon yashinta.

Baba Mai Horo: Wannan bin na dare ka hana shi daga yau, duk bi ɗaya ƙara mata daɗin abin yake. Ka samar wa magen wurin hawa mai tsawo a falo wanda karyar ba za ta kai ba, kuma kullum ka dinga kiran sunanta in magen ta gifta, ta juyo ka ba ta lada, har ya zama kira ɗaya. Ƙofar ɗakin naka wane irin hannu gare ta?

Mai Haski: Irin wanda ake dannawa ƙasa.

Baba Mai Horo: To sa mukulli ko sakata. Haski na tsayawa da ƙafa biyu ta danna irin wannan ta shige.