Jakar gudun ambaliya: me ake sawa, kuma a ina ake ajiye ta?

Maman Yara Haɗeja:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Gidanmu ba shi da nisa da jingar da ke tare kogi, kuma tun ambaliyar 2022 da matasa suka riƙa kwana suna cika buhuna da yashi, in Agusta ta kama ba na barcin kirki. Da an ce an saki ruwa daga dam ɗin Tiga ko na Challawa sai gabana ya faɗi. Maigida direban babbar mota ne, yakan yi makonni bai dawo ba. Daga ni sai yara huɗu sai surukata mai hawan jini, wadda ba ta iya saurin tafiya. Takardar gida da takardun haihuwar yara duk suna cikin akwatinsa na ƙarfe a ƙarƙashin gado, makullin kuma yana jikin makullan motarsa. Ina so in haɗa jaka ɗaya da zan sungume in ta ɓaci. Me ya kamata in sa a ciki?

Ɗan Gwange:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo maganar jaka, fara da akwatin nan. Ƙarƙashin gado nan ne ruwa ke fara isa, ga shi makullin yana can hanyar Legas. Ki lallaɓa maigida ya bar miki makulli, ko ya yarda a fito da takardun.

Mu a Maiduguri dam ɗin Alau ya ɓalle ne a daren da aka wayi gari 10 ga Satumba 2024. Rabon da garin ya ga irinsa tun 1994, shi ya sa da yawanmu muka ɗauka ruwan zai tsaya a bakin kwata. Kafin gari ya waye ya kai ƙirji a layinmu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu. Babu wuta, duhu ƙirin. A irin wannan lokacin hannu ɗaya kike da shi, ɗayan yana riƙe da yaro ko tsohuwa. Saboda haka jakar goyo ta 'yan makaranta ta fi wadda ake riƙewa a hannu.

Takardu ki naɗe su a leda biyu, ki ƙulle kowace daban. Har da katin NIN da katin rigakafin yara. Ki ɗauki hotonsu da waya ki tura wa wani ɗan uwa da ke wani gari, don in waya ta faɗa ruwa shi ke nan. Sai tocila da batir ɗinta a ware, kada a bar su a ciki su zubar da ruwa. Sai tsabar kuɗi, ƙananan canji. Masu POS ma gudu suke yi a ranar, mai kwale-kwale kuwa ba ya jiran tiransifa.

Ki kafa ƙusa sama a bango kusa da ƙofar fita ki rataye ta, ki nuna wa babban yaronki. Ki gwada sauko da ita da dare ba tare da kunna fitila ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
'Yar uwa, maganin Mama shi ne abin da zan sa a gaba. Ki ware na mako biyu, ki rubuta sunansa da yadda take sha a takarda ki haɗa a leda. Mutane kan zo mana suna cewa "ƙwaya ce fara ƙarama", alhali farare ƙanana sun fi a ƙirga. Kuma kada ki jibge shi ki manta: duk sanda aka sayo sabo, ki sa sabon a jaka ki ba ta na cikin jakar ta sha. Zafin ɗakin kwano yana lalata magani.

Bayan ruwa ya janye ne amai da gudawa ke shigowa, saboda masai ya haɗu da rijiya. Ki sa ORS, wato garin gishiri da sukari da ake dama wa mai gudawa, da ƙwayar zinc ta yara. Ƙunshin ORS na lita ɗaya a lita ɗaya ake dama shi, ki duba rubutun jikinsa. In ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ki nemi ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs a kemis. Sabulu, audugar mata, gidan sauro ɗaya.

Mai Shago:
Ni fa ina ganin kuna lissafin masu hali ne. Wanda ke neman na tuwon dare ina zai samu kuɗin da zai rataye a bango yana kallo? Kuma ku sa dabino ko biskit a jakar da yaro ya san inda take, ku ga ko za ta kai Juma'a. Ni abin da na yi: garin kwaki da ƙuli-ƙuli a robar fenti mai murfi, a saman durowa. Ba ya lalacewa da wuri, ba ya buƙatar wuta. Kuɗi kuwa ɗari biyu-biyu nake cusawa in ciniki ya yi kyau, kuma ba na ɓoye muku, na sha zaro su.

Abin da ba ya cin ko sisi shi ne ku yanke tun yanzu gidan wa za ku nufa a kan tudu, da hanyar da za ku bi. Yara su haddace lambar wayar babansu.

Maman Yara Haɗeja:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi wa maigida waya, ya ce akwai makulli na biyu a wurin ƙaninsa, gobe za a kawo min. Jakar makarantar babbar 'yata ta bara tana nan, zif ɗin ne kawai ya lalace, zan kai wa tela. Saura abu ɗaya: Mama ta ce ita ba inda za ta, a ɗakinta aka kawo ta amarya. Akwai wanda ya taɓa shawo kan tsohuwa irin wannan? Kuma in ta yarda, a baro ake ɗaukarta ko in yi magana da mai Keke Napep na layinmu tun yanzu?